Yaya da Kwalaben Wakensa

Ɗakin da ke ƙarshen barandar gidana na so in mayar shagon ɗinki. Har na sa an fasa masa taga ta waje, sai ga yayana da akwati ɗaya da kwalin littattafai. Ya ce, "Auta, aron shekara uku za ki ba ni, daga nan in ba ki ɗakinki." Na ce ba komai, na tura keken ɗinkina falo. Bana shekara ta shida ke nan. Keken yana falo har yau, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya buge gwiwa da shi.

Kada wani ya ji shekara shida ya ɗauka wasa Yaya ya tsaya yi. Da rago ne, da tuni yana gidansa da hoton hular kammala karatun nan mai jela a bango. Ciwonsa biyu ne tun muna yara: yana da saurin gama abu, in kuma ya gama bai iya zama ba. Akwai ranar da aka ba su hutu a makaranta, ya zauna ya cinye aikin hutun duka kafin yamma. Kashegari ya rasa abin yi, ya ɗauko rediyon Babanmu, rediyon da lafiyarsa lau, ya kwance shi don ya ga abin da ke sa shi magana. Ya mayar da komai, saura noti biyu a hannunsa da ya rasa inda suka fito. Rediyon bai ƙara cewa uffan ba, sai Baba ne ya yi ta magana a madadinsa har mako guda.

Da ya girma ya zama malami a kwalejin aikin gona ta garinmu. Ya auri nas, ma'aikaciyar ɗakin haihuwa, mace mai sanyin magana wadda nake kira Anti. Suka haifi mace da namiji, suka gina ɗan gidansu ɗaki uku. Babbar 'yar, Mami, ko makaranta ba ta fara ba lokacin da kwaleji ta ba shi hutun karatu ya zo yin digirin digirgir a jami'ar garin da nake aure. Tsakanin garuruwan biyu wuni guda ne cur a mota. Anti ba ta iya biyo shi ba, don asibitinsu ba su da wadda za ta maye gurbinta, kuma ba mai barin gidan da ya gina da guminsa ya koma haya saboda shekara uku. Ta ce ya je, za ta riƙe gida. Abin da kowa ya sa a gaba ke nan, ya gama ya koma wajen matarsa da 'ya'yansa.

Ni ban wuce sakandare ba, amma dokokin jami'ar nan na haddace su kamar ni zan zauna jarrabawar. Ta farko, dole ɗalibi ya zauna a garin shekara uku, ana ganin fuskarsa a sashe, kafin a karɓi kundin bincikensa, ko da kuwa ya gama tun a watan farko. Ta biyu, in ya kai shekara shida bai miƙa ba, a soke sunansa. Yadda suke gane kana gari shi ne taron ɗalibai da suke yi duk Litinin da Alhamis, inda ɗaya zai tashi ya yi bayanin aikinsa sauran su yi ta hamma. In ka cika fashi, wannan zangon karatun bai shiga lissafi ba, sai ka sake shi. Don haka in Yaya yana son ganin iyalinsa, sai ya wuni a mota ranar Juma'a, ya wuni a gida ranar Asabar, ya sake wuni a mota ranar Lahadi. Ya dawo ƙafa a kumbure, baya ya sage, yana murmushi. Da farko duk wata yake yin haka.

Bincikensa a kan ƙwarin nan ne masu huda wake a ajiya. Wani manomi ya taɓa nuna masa wani ganye mai ɗaci da ke fitowa a bakin rafi, ya ce yana jin ƙwari ba sa son warinsa. Yaya ya riƙe maganar. Sai ya shanya ganyen, ya daka, ya barbaɗa garin a wake cikin kwalabe, ya zuba ƙwari da hannunsa, ya jera a kanta. A wata kantar kuma ya jera kwalaben wake da ƙwari ba ganye, don a ga bambanci. Daga nan sai jira, wata da watanni. Sau ɗaya na je ɗakin gwajin nasu kai masa makullin gida. Dogon ɗaki ne mai taga ɗaya, fanka ta mutu, ga wani wari kamar na tsohon rumbu. Na same shi ya sunkuya da tabarau yana juya ƙwayar wake da tsinke, yana neman huda. Na ce, "Yaya, wannan ai tsintar wake ce, ni ma kullum ina yi, ba wanda ya ce mini dokta." Ya yi dariya har tabarau ya zame masa.

Sakamako ya fito kamar an roƙa. Waken da ke da ganye fes, ko huda ɗaya da ƙyar. Wanda ba ganye ya zama gari. Mai duba aikinsa, wata dattijuwar farfesa da ba ta cika yabo ba, ta ce ta daɗe ba ta ga aiki mai tsabta haka ba. A farkon shekara ta biyu majalisar jami'a ta amince da taken binciken, da sunan ganyen a tsakiyarsa. Yaya ya zauna rubutu ba ji ba gani. Kafin shekara ta biyun ta ƙare ya gama kundin, an buga, an yi masa shuɗin bango. Ya kai wa Farfesa ya ajiye a teburinta.

Shi ya ba ni labarin yadda suka yi. Ta juya kundin, ta cire tabarau ta ce, "Malam, ka gama. Sai dai doka ba ta gama da kai ba. Saura shekara ɗaya."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, to in koma gida in jira a can, in lokaci ya yi in zo in miƙa?"

Ta ce, "In ka tafi, shekarar ba ta ƙirgu ba. Zama aka ce. Ka zo taro, ka zauna, a gan ka."

"In yi me a shekarar?"

"Ka huta mana. Wasu nema suke."

Farfesa ba ta san wanda take cewa ya huta ba. Mu a gida muka ɗanɗana kuɗarmu. Wata na farko ya gyara duk famfunan gidan, har wanda ba ya yoyo. Ya sa wa ƙofofi mai. Ya zazzage gwangwanin maɓallaina ya ware su launi-launi, na kwana biyu ina neman abin da da ido a rufe nake lalubowa. Ya kafa wa 'ya'yana darasin yamma, har ta kai in suka ji tafiyarsa a baranda sai su shige bayan labule. Mijina mai gyaran firji ne, mutum mai son tsokana, shi ya fara ce masa Dokta. Yaya ya ce ya bari sai an ba shi. Mijina ya ce, "Ai an gama dafawa, Dokta, hucewa kawai ake jira." Kafin wata biyu duk layinmu Dokta ake ce masa, har mai sayar da burodi.

Litinin da Alhamis ya yi wanka ya tafi taro, ya zauna a kujerar baya ya ji bayanin da ya ji sau uku. Sauran kwanakin yana kwance rigingine yana kallon silin. Gida yana can, matarsa tana fama da aikin asibiti da yara biyu, shi kuma yana nan ba aikin fari ba na baƙi, don kawai a ga fuskarsa. Na tausaya masa ƙwarai a wannan shekarar. Mutum ne da bai taɓa zaman banza ba, aka ɗora masa shi dole.

To, hannun da bai iya zama ba sai ya nemo abin taɓawa. Wata safiya ya ce mini zai je ɗakin gwaji ya sake jera kwalaben, don ya samu dalilin fita. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya nema. Da ya je, ya tarar sababbin ɗalibai sun kwashe kyawawan kwalabensa masu murfin roba. Bai damu ba, tunda wasa ne. Ya tattara tsofaffi, ya rufe bakin kowacce da ƙyalle ya ɗaure da zare, masu ganye da marasa ganye duka iri ɗaya. Ya jera, ya riƙa leƙa su yana kashe lokaci.

Bayan watanni, wata rana da tsakar rana ina kan keke, ya shigo ya zauna a kujerar da ke kusa da ni bai yi sallama ba. Yaya bai taɓa shiga wuri ba sallama. Na tsayar da keken na ce lafiya?

Ya ce, "Sun cinye."

"Su wa?"

"Ƙwarin. Sun cinye mai ganye kamar yadda suka cinye marar ganye. Ba bambanci ko na ƙwaya ɗaya."

Na ce wataƙila ganyen ya kwana biyu, ƙarfinsa ya tafi. Ya girgiza kai. Ya riga ya gano, tun a hanya. A gwajin farko sababbin kwalabe masu murfin roba ba su isa ba, sai ya ba masu ganye, tunda su ne 'yan lelensa, marasa ganyen kuma ya rufe su da ƙyalle. Murfin roba ba ya barin iska ta shiga. Rashin numfashi ne ya kashe ƙwarin, ganye yana kwance bai tsinana komai ba. Farfesa ba ta lura ba, don a faranti yake zuba waken ya kai mata. Kundi mai shuɗin bango, shafi sama da ɗari biyu, duk yabon ganye ne a kan aikin murfi.

Ni dai na faɗi abin da ke raina, don ba na iya ɓoyewa. Na ce, "Wa ya sani ban da ni da kai?"

Ya ce, "Ni na sani."

"Yaya, kundin nan wa zai karanta? A kanta za a ɗora shi ƙura ta rufe. Saura wata uku shekararka ta cika. Ka zubar da waken, ka wanke kwalaben, ka miƙa abinka ka tafi gida. Anti tana can ita kaɗai."

Ya ce, "In na koma kwaleji, shi zan koyar. Yaran nan 'ya'yan manoma ne. Su je su gaya wa iyayensu, a zuba ganye a buhu a kwanta da murna."

Na ce ai sai ya ƙi koyarwa. Ya dube ni kamar na ce ya ƙi numfashi, ya tashi ya shige ɗaki.

Ya je ya gaya wa Farfesa da bakinsa. Ta ce abin da ya rubuta shi ya gani da idonsa, ba ƙirƙira ya yi ba. Ta ba shi shawara ya ƙara sakin layi ɗaya a ƙarshe, ya ce ana buƙatar ƙarin bincike a kan irin murfin, za ta sa hannu. Ta ce, "Rabin kundayen da ke ɗakin karatu da wannan jimlar suka fita." Yaya ya ce ta ba shi lokaci ya gyara. Ta ce lokacin nasa ne, amma ya tuna shida ce iyaka.

Shekara uku ta cika. Ƙofar da ya yi shekara yana jira ta buɗe, ya tsaya yana kallonta. Abokan shigarsa da suka fi shi nawa suka miƙa nasu, suka sa hula, suka ɗau hoto a bakin sashe. Shi ya ɗauki wasu hotunan ma da wayoyinsu.

Sabon aikin ya fi na farko cin rai. Yanzu kwalabe kashi huɗu ne: ganye da murfi, ganye da ƙyalle, murfi ba ganye, ƙyalle ba ganye. Kowane zagaye sai an jira ƙwari su hayayyafa, kuma ƙwaro ba ya sauri don wani yana kewar matarsa. Zagaye ɗaya rufin ɗakin ya yi yoyo, waken ya yi funfuna, aka koma farko. Doka ta daina tsare shi a gari, amma kwalaben suka karɓi aikinta, don bai yarda wani ya duba masa ba ko na kwana uku. Kwaleji ta gaji da ƙara masa hutu ta ba wani ajinsa. Zuwa gida ya koma sau ɗaya a wata uku, daga baya ma sai dogon hutu. Na tambaye shi dalili, ya ce daga tasha zuwa ƙofar gidansa mutum goma ne za su ce, "Dokta, an gama?" kuma amsar ta ƙare masa.

Ina kallonsa furfura ta fito masa a gefen kunne. Hanyarsa ɗaya ce: ɗaki, titin bayan kasuwa, ƙofar jami'a, ɗakin gwaji, ya juyo. Mijina ya daina ce masa Dokta ba tare da kowa ya hana shi ba. Wani lokaci in ji haushinsa har in ƙi kai masa shayi, in ce mutum ya ɗaure kansa da kansa ya bar baiwar Allah da wahala. Can kuma in gan shi yana wanke rigarsa a bakin famfo, wuyan rigar ya soma cinyewa, sai zuciyata ta karye in karɓa in juya masa wuyan a keke.

Anti kuwa ba ta taɓa ɗaga murya ba. Mukan yi waya da ita. A bakinta na ji Mami ta shiga makaranta, na ji ƙaramin ya faɗo daga katanga ya karye a hannu, ita ta goya shi zuwa asibitin da take aiki, ta koma ɗakin haihuwa da rigar da ta yi goyon. Guguwa ta yaye kwanon kicin, ita ta nemo kafinta. Da can duk wayar da muka yi sai ta ce, "Auta, ya ce miki yaushe?" A shekara ta huɗu ta daina tambaya. Wannan shirun ya fi faɗa tayar mini da hankali.

A ƙarshen shekara ta biyar ya gama. Kundi na biyu, baƙin bango, kuma wannan karon gaskiya ce tsantsa: a toshe wa wake iska, ƙwari su mutu, ba ruwan ganye. Farfesa ta ce ya fi na farko nesa ba kusa ba. Na fara auna ɗakin da ido ina tsara inda zan sa teburin yanka.

Sai kwamitin karatun gaba da digiri ya zauna. Suka ce taken da majalisa ta amince da shi na ganye ne, wannan kundin kuwa na murfi ne. Take in an amince da shi ba a canja shi. Sabon take sabon bincike ne, sabon bincike sabuwar rajista, sabuwar rajista kuma tana zuwa da nata zaman. Shekara biyar da ya yi a garin ta tsohuwar rajista ce, ba ta bin sa. Farfesa ta yi ta sama da ƙasa, ta yi faɗa har muryarta ta dishe. Iyakar abin da ta samo masa shi ne a rage zaman daga shekara uku zuwa biyu. Suka ƙara da cewa tsohon kundin yana nan daram, in ya miƙa shi kafin shekara ta shida ta ƙare za a karɓa, a kira shi ya kare, ya tafi.

Ya kira Anti zai yi mata bayani. Ta ce ya bari, ba maganar waya ba ce, tana tafe. Ta bar yara wajen ƙanwarta ta hau mota. Wannan ne zuwanta na farko gidana tun da ya tare. Ta iso da yamma a gajiye, ta leƙa ɗakinsa, ta dubi katifar da kwalin littattafan da igiyar da yake rataye kaya.

Da safe, bayan yara sun tafi makaranta mijina ya tafi shago, muka zauna a falo mu uku. Yaya ya ajiye kundayen biyu a tebur, shuɗin har ya koɗe. Ya tashi tsaye yana bayani kamar a aji. Ta saurara hannuwanta a cinya. Ni na kasa haƙuri. Na ce, "Anti, ki yi masa magana, ke yake ji. Ya miƙa shuɗin ya bi ki gida. Wace irin rayuwa ce wannan?"

Ta ce, "Bari, Auta." Ta juya wajensa. "Baban Mami, zauna. Ganyen nan na riga ka sanin ba ya aiki."

Ya zauna.

Ta ce, "Ka tuna garin ganyen da ka aiko mini a leda a shekararka ta farko, ka ce in gwada a waken gida? Na zuba a buhu yadda ka ce. Kafin ka zo dogon hutu ƙwari sun gama da shi, in ka sa hannu gari kake ɗebowa. Ana jibi za ka iso na ba maƙwabciya ta zuba wa awakinta. Na wanke buhun, na sayo sabon wake, na barbaɗa sauran garin a kai. Shi ka gani."

Sai na tuna. Daga wannan hutun ya dawo da ɗan wake a ƙulle a hankici, yana nuna wa mijina, yana cewa har a buhu abin yana aiki. Ban taɓa ganin sa da farin ciki irin na ranar ba.

Ya ce, "Me ya sa?"

"Na ga yadda kake murna. Kuma na san halinka. Na ce in na faɗa za ka koma farko, uku ta zama huɗu. Na ce malamanka sun fi ni sani, in da matsala su za su gani. So nake ka dawo, shi ke nan."

Yaya ya dubi tebur. Da ya yi magana ba da faɗa ya yi ba, a hankali ya faɗa kamar yana karanta sakamakon gwaji. Ya ce, "A lokacin ba a amince da take ba tukuna. Da kin faɗa, a rana ɗaya zan canja shi, ba mai tambaya ta. Da yanzu na shekara biyu a gida."

Na ji kamar in toshe masa baki. Gaskiya ce, amma ba kowace gaskiya ake faɗa wa matar da ta wuni a mota ba.

Anti ta ce, "Na sani. Tun da ka kira ni na gane. Duk hanya lissafin da nake yi ke nan." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Yaya ya miƙa hannu ya jawo shuɗin kundin gabansa. Ya ce, "Ya isa. Gobe zan miƙa wannan. Na wahalar da ke da yawa." Zuciyata ta yi fari, har na fara yi wa Allah godiya a ɓoye.

Ta ɗora hannunta a kan kundin. Ta ce, "A'a."

Na ce, "Anti, me kike yi haka?"

Ba ta dube ni ba. Ta ce masa, "In ka miƙa wannan, saboda ni ka miƙa. Za ka dawo gida ana ce maka Dokta kana sunkuyar da kai, kuma duk ranar da ka dube ni buhun nan za ka gani. Na ɓoye maka sau ɗaya na ga abin da ya haifa. Ba zan karɓi mijin da na sa ya yi ƙarya ba. Ka je ka yi rajistar."

Ya ce, "Shekara biyu ce fa."

Ta ce, "Na iya ƙirga."

A ranar suka tafi jami'a tare. Ita ta riƙe masa baƙin kundin a layi har aka zo kansa. Na zauna a gida na kasa ɗinka ko hannun riga. Haushinsu nake ji su biyun, kuma na rasa wanda zan ce ya yi ba daidai ba.

Kwana biyu ta yi. Ranar komawarta ta faɗo Alhamis, ranar taron farko na sabon lissafi, kuma motar safe ce kaɗai ke kaiwa garinmu kafin duhu. Ya ce zai yi fashi ya raka ta. Ta ce kada ya soma, ba za a fara da giɓi ba. Suka yi sallama a ƙofar gida, shi ya bi titin bayan kasuwa, ni na ɗauki jakarta muka nufi tasha.

Ta samu kujera a bakin taga. Na tsaya a ƙasa muna jiran mota ta cika, ina ta ba ta saƙon gaisuwa ga yara. Da direba ya tayar da inji na ce, "Anti, akwai abin da zan gaya masa?"

Ta yi ɗan tunani, ta gyara mayafinta. Ta ce, "Ki ce masa in ya gama wannan, kada ya sake dubawa. Ya rufe ya taho."

Motar ta ja. Na tsaya har ta fita daga tasha, sannan na kama hanyar gida.